Cinikin Makirufo Na Hannu A Maiduguri: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya Kuɗi

MAIDUGURI — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa mara wajen tsayar da darajar Naira, sayen sabon makirufo na ɗaukar murya ya zama babban al'amari ga masu ƙananan situdiyo a unguwar Bolori da sauran sassan birnin Maiduguri. Dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma kafin wannan mataki ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Ma'ana, makirufon da kuɗinsa yake dala 100 a ƙasar waje ya tashi daga Naira 46,000 zuwa Naira 150,000, tun ma ba a sa kuɗin kwastan da na dako da ribar ɗan kasuwa ba.

Aikin ɗaukar murya kuwa bai tsaya ba. Ana buƙatar tallace-tallace na Hausa da na Kanuri domin gidajen rediyo irin su BRTV da Peace FM da Dandal Kura, ga sanarwar wayar da kai ta ƙungiyoyin agaji, ga waƙoƙin biki da na siyasa da na bege, ga kuma karatun Alƙur'ani wanda ƙasar Borno ta yi suna a kansa tun zamanin da. Wannan ne ya karkata hankalin masu sana'ar zuwa ga kayan hannu, waɗanda aka fi sani da Beljiyam ko tokumbo.

Akasarin irin waɗannan kaya suna sauka ne a tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bi ta kasuwar Alaba, daga nan su iso Sabon Gari ta Kano, kafin su yi tafiyar kusan kilomita 600 zuwa Maiduguri. Wasu kuma na cikin gida ne, daga situdiyon da ya rufe ko wanda ya sabunta kayan aikinsa. Ko ta wace hanya ya zo, abin da mai saye yake biya wa kuɗi shi ne sauran kwanan da ya rage wa ƙwayar da ke cikin kan makirufon, ita kuwa ba a gane lafiyarta da kallon fenti.

Dainamik Da Kwandensa

Makirufo iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne dainamik, wanda a cikinsa akwai tantani da aka liƙa wa siririn naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu. Idan murya ta kaɗa tantanin, sai naɗin ya motsa ya haifar da 'yar wutar da ake ɗauka. Ba ya buƙatar wuta daga waje, kuma yana jure faɗuwa da zafi da ƙura. Shure SM58, wanda ya fito a 1966, da ɗan'uwansa SM57 na 1965, da Sennheiser MD 421 na 1960, duk irinsa ne, kuma har yau ana ƙera su.

Na biyu shi ne kwandensa. Tantaninsa leda ce mai kaurin kimanin maikiron 6, wato ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, an shafe ta da ƙurar zinariya, an kuma girke ta dab da wani faifan ƙarfe. Yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48, wadda ake kira fantom, daga miksa ko akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta. Ya fi dainamik kama laushin murya da saukar numfashi, shi ya sa mawaƙa suka fi son sa. A cikin irinsa akwai masu sauƙin kuɗi kamar Audio-Technica AT2020 da Rode NT1-A, akwai kuma Neumann U87 na ƙasar Jamus, wanda aka fara yi a 1967, wanda sabonsa ya haura dala 3,000.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a Bolori, inda hanyar Baga ba ta rabo da ƙarar Keke Napep da manyan motoci. Duk da tashar wutar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a watan Maris na 2023, bayan dogon duhun da birnin ya shiga sakamakon fasa turakun layin Damaturu a 2021, janareta bai bar bakin shaguna ba. Kwandensa mai kyau a ɗakin da ba a toshe shi da soso da labule masu kauri ba zai kwashi rurin janaretan maƙwabci tare da muryar mawaƙi. Ga mai ƙaramin jari da ɗaki irin wannan, tsohon dainamik na asali ya fi zama alheri.

Ƙura, Danshi Da Ambaliya

Yanayin Maiduguri yana da nasa tasiri. Da hunturu ƙura mai laushi tana ratsa ragar kan makirufo, kuma da yake akwai caji a jikin tantanin kwandensa, sai ya riƙa janyo ta. Tururin baki da feshin yawu suna ƙara mata kama jiki. Idan damina ta kankama a watannin Yuli da Agusta, wannan datti yana shan danshi ya zama hanyar da cajin ke zurarewa, sai a ji ƙaraf-ƙaraf ko sauti ya dushe ana tsakiyar aiki.

Bugu da ƙari, ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shafe unguwanni da dama har da Gwange da Kasuwar Monday. Kayan lantarkin da ya sha ruwan laka yana iya yin aiki na ɗan lokaci bayan ya bushe, alhali tsatsa tana cin sa ta ciki. Alamunta su ne kore-kore a ƙafafu ukun da ke gindin makirufo inda ake soka waya, da tsatsa a kan sukurori, da warin ruma a soson da ke cikin raga.

Yadda Ake Gwaji

Mai saye ya je da wayarsa da abin sauraronsa na kunne, in da hali har da makirufon da ya riga ya amince da shi domin kwatantawa. Da farko a haɗa shi, a ƙara murya, a yi shiru na minti biyu ko uku. Ƙaramin huci ba laifi ba ne, domin kowane kwandensa yana da nasa: kamfanin Rode ya ƙayyade na NT1-A a kan desibel 5, na AT2020 kuwa 20 ne. Amma tartsatsi ko gurnani mai hawa da sauka alamar matsala ce.

Sai a matso da baki a huro numfashi mai ɗumi a hankali, kamar mai shirin goge madubi. Lafiyayyen tantani zai ci gaba da aiki, mai datti kuwa zai yi ƙara ko ya ɗauke na ɗan lokaci. Daga nan a girgiza shi sannu-sannu a ji ko wani abu yana kaɗawa a ciki, a motsa wayar a gindinsa, a taɓa kowane maɓalli. A ƙarshe a ɗauki magana daga nesa da kusa, a saurara. Raga da ta lotse ba abin tsoro ba ce a dainamik, domin canza ta ba tsada. Sabuwar ƙwayar SM58 ta asali kuwa ta haura rabin kuɗin sabon makirufon gaba ɗaya.

Jabu Da Kayan Sata

Babu makirufon da aka fi kwaikwaya kamar SM58. Na asali yana da nauyin kusan giram 300 da ƙaramar taransifoma a cikin mariƙinsa, yayin da jabu da yawa ba su kai wannan nauyi ba, kuma da an shafa jikinsu sai ƙarar hannu ta cika kunne. Kwali da takardu ba hujja ba ne, domin su ma ana buga su. Farashin da ya faɗi ƙasa ainun, musamman a kan suna irin Neumann, shi kansa gargaɗi ne.

Har ila yau, makirufo abu ne mai sauƙin shiga aljihu, kuma yakan ɓace a masallatai da majami'u da wuraren taro. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a ƙarƙashin dokar Final Kod. Don haka wajibi ne a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa da samfurin kayan da lambarsa idan yana da ita. Masu shigo da kaya da yawa daga waje kuma su tuna cewa ƙa'idojin hukumar NESREA sun tanadi yin rajista, sun kuma hana shigo da kayan lantarkin da suka riga suka mutu.

Sharaɗin Ciniki

Yawancin cinikin da ke tsakanin Maiduguri da Kano ko Legas yanzu ta waya ake ƙulla shi, a turo hoto, a tura kuɗi, a ɗoro kaya a mota. Wannan cinikin biri a sama ne, sai fa idan an gindaya sharaɗi. Fiƙihun Malikiyya da 'yan kasuwar Arewa suka saba da shi ya yarda da ciniki bisa zaɓi na wasu kwanaki, ya kuma bai wa mai saye damar mayar da kaya idan tsohon aibin da aka ɓoye ya bayyana. Kwana biyu ko uku na gwaji a rubuce, tare da fayyace wanda zai biya kuɗin mota idan an mayar, yana kashe rigima tun ba ta taso ba.

A wajen lissafi kuma a haɗa da abin da bai zo tare da kayan ba, kamar mariƙi mai roba da ke shanye girgiza, da tankaɗen tare iskar baki, da waya mai kyau, da la'adar dillali. Idan jimillar ta kusa kai kuɗin sabo mai garanti, ribar na hannu ta gudu.

Bayan saye, a riƙa rufe makirufo da zarar an gama aiki, a ajiye shi a akwati tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin takalma, a kuma kashe wutar fantom kafin a cire waya. Makirufon asali da ya sami wannan kulawa yakan yi shekaru yana kawo kuɗi, ranar da aka tashi sayar da shi kuma ba ya rasa mai saye. Sayen na gari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.