Alkawarin biyayya bayan yaƙin basasa: misalin majalisar Ingila, 1649-1654

1. Gabatarwa

Duk hukumar da ta hau mulki bayan yaƙin basasa tana gādon jama'ar da wani ɓangare nata ya yaƙe ta. Daga cikin dabarun da aka saba bi akwai tilasta wa mutane su furta biyayyarsu a bainar jama'a. Wannan maƙala za ta dubi alkawarin da majalisar dokokin Ingila ta ɗora wa ƴan ƙasa a shekarar 1650, wanda masana tarihi suka sani da sunan Engagement. Abin da muke son nunawa shi ne: majalisar ta sami hannun mutane a takarda, amma hujjar da ta kafa don samun haka ita ce ta sauwaƙa musu juya mata baya daga bisani.

2. Yadda al'amarin ya taso

An gwabza yaƙi tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa daga 1642 zuwa 1646, aka sake gwabzawa a 1648. A watan Disamba na 1648 sojoji suka kori ƴan majalisar da ke neman sulhu da sarki. Waɗanda suka rage suka kafa kotun da ta yanke masa hukuncin kisa, aka sare kansa ran 30 ga Janairu 1649. A watan Maris aka soke sarauta da majalisar sarakuna, a watan Mayu aka mai da ƙasar jamhuriya.

Sai dai mutanen da za a mulka sun riga sun ɗaure kansu da rantsuwoyi. Akwai rantsuwar mubaya'a ga sarki ta 1606. Akwai kuma babban alkawari na 1643 da majalisar da kanta ta sa aka ɗauka, wanda a cikinsa aka rantse da Allah cewa za a kare ran sarki da martabarsa. Ke nan sabuwar hukumar tana neman amana daga mutanen da, in suka ba ta, sai sun ci wata amanar.

3. Abin da aka nema, da abin da aka bari

Matsalar ta fara bayyana a cikin gida. A watan Fabrairu na 1649 aka nemi ƴan majalisar zartarwa su amince da shari'ar da aka yi wa sarki. Fiye da rabinsu suka ƙi, har da babban kwamandan soja, Thomas Fairfax. Tilas aka sake rubutun, aka cire duk abin da ya shafi abin da ya wuce.

Wannan darasi ya bi alkawarin da aka ɗora wa ma'aikata, sojoji, lauyoyi, limaman coci da malaman jami'a a watan Oktoba na 1649, wanda dokar 2 ga Janairu 1650 ta faɗaɗa zuwa ga kowane namiji mai shekara 18 ko fiye. Jumla ɗaya ce rak: mutum ya yi alkawarin riƙon gaskiya da amana ga jamhuriyar Ingila kamar yadda take a kafe, ba sarki, ba majalisar sarakuna. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, ba a ambaci sunan Allah ba, saboda haka alkawari ne, ba rantsuwa ba. Na biyu, ba a nemi kowa ya ce kisan sarki daidai ne ba.

Hukuncin ƙin sa hannu kuwa mai tsanani ne. Ma'aikaci zai rasa muƙaminsa, sauran jama'a kuma a rufe musu ƙofar kotu. Wanda ya ƙi, ba shi da ikon kai ƙarar mai bashinsa ko wanda ya ƙwace masa gona.

4. Gardamar malamai

Limamai da dama suka ce alkawarin 1643 yana nan a wuyan mutane, kuma mutuwar sarki ba ta sauke shi ba tun da ɗansa yana raye. A jami'ar Kambrij, William Sancroft, wanda daga baya ya zama shugaban cocin Ingila, ya rasa kujerarsa a 1651 saboda ƙin sa hannu. Wasu kuma sun sa hannu da tasu fassarar: John Lilburne ya ce shi abin da ya fahimta da jamhuriya shi ne jama'ar ƙasa da ƴancinsu, ba waɗanda ke riƙe da mulki ba.

Masu kare gwamnati, irin su Francis Rous da Anthony Ascham da Marchamont Nedham, ba su tsaya kan halascin yadda aka karɓi mulki ba. Hujjarsu ita ce duk hukumar da ke tsare rai da dukiya ta cancanci a bi ta, ko ta wace hanya ta zo. Thomas Hobbes, a littafinsa Leviathan na 1651, ya ba wannan ra'ayi ginshiƙi: kariya da biyayya tare suke tafiya, in ɗaya ta faɗi ɗayar ma ta faɗi. Shi kansa ya baro Paris ya koma Ingila ya miƙa wuya.

A nan ne raunin yake. In dai biyayya ladan kariya ce, to ta mai ƙarfi ce, ko wane ne shi. A watan Afrilu na 1653 Oliver Cromwell ya kori majalisar da sojoji, a Disamba ya zama shugaba shi kaɗai, a Janairu 1654 aka soke alkawarin. A 1660 da Charles na biyu ya dawo, da yawa daga waɗanda suka sa hannu suka yi masa mubaya'a ba tare da wata damuwa ba, don an riga an koya musu cewa alkawari yana bin mai iko ne.

5. Kammalawa

Misalin yana nuna bambanci tsakanin miƙa wuya da mubaya'a ta zuciya. Alkawari mai nauyi yana korar masu tsoron Allah, mai sauƙi kuma kowa na ɗauka amma ba ya ɗaure kowa. Ga hukuncin ma, masu riƙon magana ya fi faɗa wa, su ne kuwa mutanen da sabuwar hukuma ta fi bukatar ta jawo. Mai binciken irin waɗannan alkawura, a ko'ina, ya kamata ya fara da tambayar wa ya ƙi sa hannu da dalilinsa, kafin ya ƙidaya waɗanda suka sa.