KOWACE ƘWARYA DA ABOKIYAR BURMINTA: TSOHUWAR WAYA DA SABUWA

A wannan wata za mu yi bayani a kan wayar salula da kwamfuta, tsofaffi da sababbi, da dalilin da ya sa kayan wannan ba sa shiga waccan.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. Yau ga ta a aljihun manomi da makiyayi da mai awo, daga Sabuwa har Faskari da Ƙanƙara. Da kaka, in an sayar da masara, mutane da yawa sukan je Funtuwa ko Kano su sayo waya. Sai an dawo gida a ga caja ta ƙi shiga, layi ya yi girma, memori ya ƙi buɗewa. Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Abokiyar burminta ce ba a samo ba.

JIKI DA MANHAJA

Kowace waya da kowace kwamfuta tana da abu biyu. Na farko shi ne jiki, wato abin da hannu ke taɓawa: gilashi, batir, caja, layi da memori. Na biyu shi ne manhaja, wato tsarin da aka zuba a ciki wanda ke sa ta aiki, kamar Android da WhatsApp. Mu ɗauki jiki kamar jaki, manhaja kuma kamar kayan da aka ɗora masa. Kowace shekara kamfanoni suna ƙara wa manhaja nauyi. Jakin kuwa yana nan yadda aka saye shi. Wata rana sai kaya su fi ƙarfinsa.

BAKIN CAJA

Bakin caja iri-iri ne. Akwai siriri mai kama da allura na tsofaffin Nokia. Akwai mai faɗi na wayoyin Android na da, wanda ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Akwai sabo, wanda ake rubuta sunansa Type-C a jikin kwali, shi kuwa ta ko'ina aka juya shi zai shiga. Wayar iPhone tana da nata bakin dabam tun 2012, sai a 2023 ta koma Type-C.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi doka cewa daga ƙarshen Disamba na 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a can ta zo da Type-C. Saboda haka wannan baki shi ke ta yawa a kasuwa. In za ka kai waya wurin mai caji, ko kana da sola a gida, ka tabbata akwai igiyar da ta dace. Kada a tura baki da ƙarfi. In ramin caji ya karye, kuɗin gyara ya fi kuɗin igiya nesa.

BATIR

Ƙananan wayoyi masu madanni ana cire batirinsu. A bayan kowane batir akwai lamba, misali BL-5C. Ka sayi mai lamba iri ɗaya da tsohon, domin girma ɗaya ba ya nufin iri ɗaya. Manyan wayoyi na shafawa kuwa yawancinsu batirin a manne yake a ciki, sai mai gyara. Batirin da ya kumbura a daina aiki da shi nan take. Yana iya kama wuta. Kada a jefa shi a murhu, kada a bar yara su yi wasa da shi.

LAYI DA SABIS

Layi girma uku ne: babba, matsakaici da ƙarami. Tsofaffin wayoyi suna cin babba, sababbi suna cin ƙarami. Kada ka yanke layinka da reza. Ka je ofishin kamfanin da lambarka ta NIN, a sauya maka wani, lambar wayarka ba za ta canja ba. Sabon layi yakan zo da girman nan uku a kati ɗaya, sai ka ɓalle wanda ya dace.

A lura da wannan: wayoyin iPhone da aka yi don kasuwar Amurka, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, ba su da ramin layi sam. Sai dai kamfani ya zuba maka layin a ciki. Mai sayen ta hannu ya duba ramin kafin ya biya.

Sabis ma hawa-hawa ne: 2G, 3G, 4G da 5G. Na 2G ya isa kira da saƙo. Hoto da bidiyo sun fi gudu a 4G. Kamfanin MTN ya fara 5G a 2022, a manyan birane. Waya mai 5G ba za ta ba ka 5G ba in ƙarfen sabis na garinku bai da shi. Kada ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Kafin ka bar tsohuwar waya, ka sa a mayar da lambobin mutanenka kan layi. Layi yakan ɗauki lamba wajen 250. Masu muhimmanci kuma ka rubuta su a littafi da hannunka. Ga ɗaya daga cikin amfanin ajin yaƙi da jahilci.

MEMORI DA REDIYO

Mutanen yankinmu sun san darajar memori. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, aka yi watanni a haka. Ba kira, ba saƙo. Amma karatun da ke cikin memori da rediyon waya ba sa bukatar sabis.

To, sai a sani, sababbin wayoyi masu tsada da yawa ba su da ramin memori. Wasu ba su da rediyo, wasu ba su da ramin abin sawa a kunne, alhali a wayoyi da yawa igiyarsa ita ce eriyar rediyon. Tsofaffin wayoyi kuma yawanci ba sa karanta memorin da ya wuce giga 32. In ka sa musu mai giga 64, sai su nuna babu komai, ko su nemi a wanke shi. Kada ka yarda a wanke kafin a kwashe abin da ke ciki. Wankewa tana share komai, har hotunan iyali.

RANAR DA MANHAJA KE ƘIN TSOHUWAR WAYA

Android tana da lamba, kamar ajin makaranta. Daga watan Oktoba na 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayar da Android ɗinta ba ta kai lamba 5 ba, kuma lokaci-lokaci ana ƙara ɗaga wannan mizani. Manhajojin banki ma haka suke yi. Babu mai gyaran da zai iya maganin wannan. Haka nan manhajar Android ba ta hawa iPhone.

Amma da tsohuwar zuma ake magani. Lambobin da ake dannawa suna aiki a kowace waya, komai tsufanta. Tun 2023 duk kamfanoni lamba ɗaya suke amfani da ita: *310# don duba kuɗi, *311* da lambar kati da # don sa kati. Wanda bukatarsa kira ce da tocila da rediyo, ƙaramar waya ta ishe shi, ga ta da riƙe caji.

KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Shi ya sa iyaye ke ƙoƙarin saya wa yara kwamfuta ta hannu. Babbar manhajar yawancinsu ita ce Windows. Kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 7 a Janairun 2020, daga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba ta mutu ba. Za ta yi koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa. Sai dai ta zama kamar gidan da aka daina yi wa yaɓe, ɓarayin intanet sun fi samun kafa. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta hawa tsofaffi da yawa.

Cajar kwamfuta kuwa ba a aronta barkatai. A ƙarƙashin kwamfuta da jikin caja akwai lamba mai harafin V, misali 19V ko 20V. Dole su zo ɗaya, ko da bakin ya shiga. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

KAFIN KA BIYA KUƊI

1. Ka tafi kasuwa da layinka da memorinka da cajarka, ka gwada su a gaban mai kaya.
2. Ka kira wani, ka ji murya ta fita sosai.
3. Ka sa a nuna maka lambar Android ko ta Windows.
4. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa da lambar sirrinsa a gabanka, in ba haka ba tana iya kullewa.
5. Ka danna *#06#, ka rubuta lambar da ta fito, ka karɓi rasit. Wannan zai kare ka daga sayen kayan sata.

Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce dacewa ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka noma, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.