CIWON MAFITSARA NA MATA DA JIYYARSA DA WUTAR LANTARKI

 

Duk wanda ya zauna bakin Kwara ko Binuwai ya san minjirya, kifin nan da in ka kama shi da hannu sai ya fizge ka har kafaɗa. Mutanen dā sun lura da fa'idar wannan ƙarfi. Wajen shekara ta 47 ta Miladiyya wani likita na Rum, Sikiriboniyus Largus, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan fizga, har wurin ya mace. Abin da kifi ya yi jiya, yau na'ura ke yinsa, har ga wata cuta ta mata wadda kunya ta hana a yi maganarta.

Ga sifar cutar. Mace za ta ji zafi a mara, yana ƙaruwa sa'ad da mafitsara ke cika, in ta yi bawali ya lafa kaɗan, sa'an nan ya komo. Wadda abin ya tsananta gare ta takan zaga bayan gida sau arba'in ko fiye tsakanin dare da rana. Ba ta barci, alwala ba ta zama, kwanciyar aure kuwa azaba ce. In an auna fitsarinta ba a ganin ƙwayar cuta. Likita Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana a 1915 wani miki da akan gani a bangon mafitsarar waɗansunsu, amma mafi yawansu ba su da shi. Nan fa masifa take. Tun da ba a ga kome ba, miji ya ce ƙarya ce ko ƙiyayya, dangi su ce iska ce. Lalle malamin da aka kawo wa ƙarar irin wannan aure ya kamata ya san akwai cuta mai wannan hali kafin ya kira mace nashiza.

To, ina lantarki ya shigo? A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka yi bayani cewa labarin zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa sai ya bi ta wata ƙofa cikin laka, in kuwa aka motsa jijiyoyin taɓawa sai ƙofar ta ƙuntata. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan murza yatsansa. Jijiyoyin mafitsara suna fitowa daga ƙashin tsatso ne, kuma ta hanya uku ake isa gare su.

Mafi sauƙi ita ce na'ura mai batir, girmanta bai fi tafin hannu ba, da ake manna faifanta a mara ko a ƙugu. Abin da ake ji kamar tafiyar kiyashi ne, ba fizgar minjirya ba. Likita Magnus Fall da abokansa a ƙasar Suwidin sun ba da labarin gwada ta ga wannan cuta a 1980. Ana bukatar haƙuri, gama sai an yi makonni ana sawa kullum kafin a gane ko ta karɓi mutum.

Ta biyu tana da ban mamaki. Ana soka siririyar allura bisa idon sawu ta ciki, a saki wuta kaɗan rabin sa'a, sau ɗaya a mako har mako 12. Me ya haɗa ƙafa da mafitsara? Jijiyar da ke wucewa nan tushenta ɗaya da nasu a tsatso, sai saƙo ya hau ta kanta. Mace ba ta buɗe kome sai ƙafarta, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga matan kulle.

Ta uku aikin tiyata ce: a dasa waya kusa da jijiyar tsatso, a binne ɗan batir ƙarƙashin fatar ɗuwawu, bayan an gwada na kwanaki an ga amfani. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da irin wannan na'ura, mai suna InterStim, a 1997 domin masu kasa riƙe fitsari, a 1999 kuma domin yawan zagawa. A lura, ba domin zafi aka yarda da ita ba. Tana da tsada ƙwarai, waya takan goce, wani lokaci sai an sake aiki. Likitoci ba su kai ga wannan sai sauran hanyoyi sun kasa.

Gaskiyar magana, lantarki ba ya tumɓuke cutar. Waɗansu mata suna samun sauƙi har su yi barci, waɗansu ba su jin bambanci, kuma yawan fitsari ya fi saurin raguwa bisa ga zafin. Tare da shi akan gwada barin abin da ke tsokanar mafitsara, kamar gahawa da shayi da barkono da lemun tsami. Goro ma yana ɗauke da abin nan na cikin gahawa, ko da yake na san wannan magana ba za ta yi wa fataken goro daɗi ba.

Saura kira ga masu kanti, domin ƙananan na'urorin nan sun shigo kasuwa da sunan na'urar tausa. Kada a sayar wa mace mai ciwon mara ana cewa magani ne. A ƙasarmu tsargiya ta yi yawa wurin masu shiga rafi da fadama, ita ma tana sa zafin mafitsara da fitsarin jini, alhali tana da ƙwayar magani, praziquantel. Akwai kuma ciwon sanyi, da tsakuwa, da tarin fuka da kan sauka mafitsara, da ciwon daji. In wuta ta danne zafin ɗayan waɗannan, cutar tana nan tana ci a ɓoye. Sai likita ya auna fitsari, in ta kama ya leƙa mafitsara da madubi, tukuna. Mai ciki, da mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa batir na zuciya, kada su sa ta sai da izinin likita. Ba a kuma manna ta a gaban wuya, ko bisa fatar da ke da rauni.