FASHIN BAƘI: Abin da wasan Rome: Total War ke koyarwa game da haraji da shara a Illela

A shekarar 2004 kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Rome: Total War, wanda daga baya ya sauka a wayoyin hannu. Wasan yaƙi ne, amma mafi wuyar aikinsa yana cikin gari: riƙe birni mai cikowa ba tare da ya yi bore ba.

Ƙa'idarsa mai sauƙin ganewa ce. Jama'a na ƙaruwa, kuɗin shiga na ƙaruwa, amma cunkoso da ƙazanta suna biye da su ƙafa da ƙafa. Idan ƙazanta ta yi yawa, zaman lafiya ya raunana, annoba kan ɓulla. Ɗan wasa yana iya tsawwala haraji, sai dai hakan na ƙara fusata mutane. Yana iya jibge dakaru, amma albashinsu na cinye ribar. Magani mai ɗorewa shi ne gina magudanan ruwa da gidajen wanka da hanyar ruwan sha tun kafin birnin ya tumbatsa, wato kafin ya kai matakan mutum 12,000 da 24,000.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a Illela, garin da ke kan iyakar jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum kimanin 150,000, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. Kasuwar dabbobi da ta hatsi suna janyo fatake da direbobi da 'yan ɗako daga ƙasashen biyu. Kowace tirela da ta tsaya tana kawo ciniki, tana kuma barin buƙatar ruwa da makewayi da wurin zubar da shara.

Inda gaskiya ta rabu da wasa shi ne baitulmali. A wasan, hannun da ya karɓi haraji shi ne ke gina magudana. A Illela kuɗin yana rabuwa. Abin da kwastam ta tara a kan iyaka yana tafiya asusun tarayya. Kason ƙaramar hukuma kuwa, shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kamar yadda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Amma jadawali na huɗu na kundin ya ɗora kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, a wuyan ƙaramar hukuma. Mai ƙaramin kaso shi ke ɗauke da babban kaya.

Kuɗin kasuwar ma ba shi da tabbas. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Illela. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A duk lokacin da ciniki ya tsaya, mutane ba sa barin gari, shara ba ta daina taruwa. Kwalarar 2021, wadda ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, ta kuma shafi Sakkwato, ta nuna farashin sakaci da ruwa da tsafta.

Abubuwa biyu na iya sauya lissafin. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwa ta yi ta samun tsaiko. A Oktoban 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Idan ta kammalu, motoci da baƙi za su ƙaru.

Ana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya wata-wata. Matashin mazaɓar Darna Sabon Gari na iya duba na Illela, ya tambayi kansilansa nawa ne ya iso, nawa aka tara a kasuwa, nawa kuma aka kashe a kan kwalbati da rijiyar burtsatse kafin damina ta kankama.