Ɗan ƙarfen da ke sa wayarka magana, da alaƙarsa da kuzar Jos

A shagunan gyaran waya na Tudun Wadan Zariya, da zarar mai gyara ya buɗe waya, sai ƙananan kusoshi su manne wa lasifikarta. Abin da ke jan su maganaɗisu ne da bai kai ƙwayar wake ba, amma babu irinsa wajen ƙarfi a kasuwa.

A farkon shekarun 1980 ne Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors a Amurka suka samar da shi, kowa da nasa binciken. Haɗinsa: ƙwayar zarra 2 ta ma'adinin niyodimiyam, 14 na ƙarfe, 1 ta boron.

Sirrin yana cikin jerin da ƙwayoyin suka yi. Kowace ƙwayar ƙarfe tamkar ɗan maganaɗisu ce, kuma suna son fuskantar gefe guda, sai dai juya su ba wuya. Niyodimiyam kuwa shi kaɗai ba ya zama maganaɗisu a zafin ɗaki. Idan aka haɗa su, ƙarfe ya ja niyodimiyam cikin sahu, shi kuma ya kafe sahun a kan alƙibla ɗaya.

Zafi ne makashinsa. Nau'in da aka fi sayarwa kan fara rauni daga digiri 80, a wajen 312 kuma sahun ya watse. Shi ya sa ake ƙara disfurosiyam a na injinan motocin lantarki. Ƙwayoyinsa baya suke juya wa ƙarfe, don haka jan yakan ragu kaɗan, amma juriya ta ƙaru.

Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan maganaɗisu a Sin ake ƙera shi, kuma a Afrilun 2025 ƙasar ta tsaurara fitar da disfurosiyam da wasu ma'adinai shida.

Najeriya ba ta rasa ɗanyen kayan ba. Yashin monazait da ke cikin tarkacen haƙar kuza a Filato yana ɗauke da niyodimiyam. A nan Zariya ma, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya tun 2004, wadda ke gano ma'adinan da ke cikin dutse. Wahalar ita ce rarrabe su, domin halinsu kusan ɗaya ne. Ga shi yashin yana da toriyam, mai fitar da tururin da ke cutar da masu shaƙar ƙurarsa.