Waya A Hannun Direba: Wace Dabara Ta Dace Da Hanyoyin Gobir?

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 1 ga ƙarnin nan, watau 2001, direba ya sami aiki na biyu bisa na tuƙi. Kowa ya shiga mota daga Sabon Birni zuwa Isa ya gani da idonsa: hannu guda a sitiyari, guda yana latsa waya.

To, malamai, ga lissafi ku ba 'yan ajinku. Mota tana gudun mil 40 a awa, direba ya sunkuyar da kai daƙiƙa 5 yana karanta saƙo. Yadi nawa ta ci? Kusan yadi 100 ne, ba kuwa mai duban gabanta. Cikin yadi 100 ɗin nan akwai rami, akwai jaki da kaya, akwai yaro yana kora awaki. Wanda bokonsa bai nuna ba ma, daƙiƙa 5 ba ta isarsa.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta hana taɓa waya ana tuƙi, amma jami'i ba ya zaune cikin kowace mota. Don haka masu ƙere-ƙere suka shiga neman magani. Cikin 2017 kamfanin Apple na Amurka ya sa wa wayoyinsa wata dabara: in wayar ta ji alamar mota na tafiya sai ta yi gum, ta riƙe saƙonni, ta amsa wa mai aikowa cewa mai ita yana tuƙi. A jihar New South Wales ta Ostareliya kuwa, tun Disamba 2019 aka kafa na'urorin ɗaukar hoto bisa hanya, kwamfuta tana tsinto direban da ke riƙe da waya, sa'an nan a aika masa takardar tara.

Lalle dabaru ne masu kyau. Amma kafin mu ce a kawo mana su, sai mu tambayi kanmu, me direban Burkusuma yake duba cikin wayarsa? Sau da yawa ba hira ba ce. Labarin hanya yake jira daga wanda ya riga shi wucewa: lafiya take, ko 'yan bindiga sun tare? Ba mu manta da Disamba 2021 ba, sa'ad da aka tare motar matafiya a ƙasar Sabon Birni aka ƙone ta da mutane ciki. Cikin Satumba na shekarar nan aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, mutanen bakin iyaka suka koma laluben layin Nijar. Wanda ya ɗanɗana wannan, in ka ba shi wayar da ke yin shiru kan hanya, ranar nan zai kashe dabarar, mu kuwa ba za mu ga laifinsa ba.

A ganinmu, saƙo ya iso, amma ta kunne. Direbobi su yi alkawari tsakaninsu, labarin hanya da murya za a aiko shi, ba da rubutu ba. Ɗan abin saƙalawa a kunne ana samunsa a teburin masu cajin waya. Ko da yake sauraro ma yana raba hankali, ya fi sunkuyo sauƙi nesa.

Abin da ya fi wannan kuma yana nan tun zamanin manyan lori, shi ne yaron mota. Da can aikinsa ɗaure kaya da sa weji. Yanzu a ƙara masa riƙon waya, ya zauna kusa da maigidansa, shi ke amsawa, shi ke faɗa masa abin da aka ce. Ƙaramar motar da ba ta da yaro, fasinjan gaba ya karɓi aikin.

Muna roƙon shugabannin tasha a Sabon Birni da Isa su mai da wannan sharaɗin lodi. Kamasho yana ƙirga fasinja kafin mota ta tashi. Ya ƙara tambaya guda a kan ƙirgan, wayar direba tana hannun wa?