Bahia Shehab: Yadda kalmar "La" ta fita daga gidan tarihi zuwa bangayen Alƙahira

A Disambar 2011, hoton wata mata da sojojin Masar suka ja a ƙasa kusa da Dandalin Tahrir, suka yaye mata abaya suna dukanta, ya karaɗe duniya. A wannan lokaci ne aka riƙa ganin kalmar Larabci "La", wato "a'a", an fesa ta da fenti a bangayen Alƙahira: a'a ga mulkin soja, a'a ga ƙona littattafai, a'a ga tsiraita jama'a. Mai wannan aiki ita ce Bahia Shehab, mai tsara zane, mai bincike kuma malamar jami'a, wadda aka haifa a Lebanon a 1977.

Tushen aikin ya riga juyin juya halin. A 2010 an gayyace ta wani baje koli a birnin Munich na Jamus, bisa sharaɗin ta yi amfani da rubutun Larabci. Sai ta zaɓi lam'alif, harafin da duk wanda ya zauna a makarantar allo ya sani. Ta bi diddigin yadda aka rubuta shi a jikin gine-gine, tufafi, tukwane da littattafai na tsawon shekara 1,400, daga Andalus har iyakar ƙasar Sin, ta tattara siffofi 1,000.

Da zanga-zanga ta yi ƙamari, wannan taska ta zama makami. Shehab ta yanka siffofin a jikin kwali don fesa fenti ya ɗauki ɗan lokaci kaɗan, abin da ke da muhimmanci ga mai gudun idon jami'an tsaro. Kuma da yake haruffan gadon Musulunci ne, da wuya a ce saƙon baƙo ne aka shigo da shi.

Ba ta tsaya a titi ba. Ita ta kafa sashen koyar da tsara zane a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, kuma a 2020 ita da Haytham Nawar suka wallafa littafi kan tarihin tsara zane a ƙasashen Larabawa, fannin da aka daɗe ana koyar da shi da misalan Turai. Ita ce mace Balarabiya ta farko da ta karɓi kyautar UNESCO-Sharjah ta al'adun Larabawa.

Akan shafe rubutun bango da fenti. Amma siffofin suna nan a littafi, ɗalibanta kuma sun san inda za su samo su.